Albashin da Bai Iso Bakin Gona Ba

A lokacin yankan shinkafa, duk wanda ya yi sammako ya ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Madobi da Kura zai tarar da su tun gari bai gama wayewa ba. Maza ne riƙe da lauje, wasu sun naɗe bakinsa da tsumma, wasu sun rataya jarkar ruwa a kafaɗa. Can gefe ga mata da faranti da tsintsiya da tsofaffin buhuna, masu jiran a gama bugu su shiga shiƙa. Akwai 'yan gari, akwai kuma 'yan ci-rani da suka kwana a rumfar kasuwa ko a barandar masallaci. Babur ɗin mai gona na tsayawa sai a yi masa caa.

Cinikin ba ya cin minti biyar. "Jinga ce ko wuni?" "Eka nawa?" "Da abinci ko ba abinci?" Mai gona ya taya, babba a cikin 'yan ƙwadagon ya ce albarka, a ɗan ja, a daidaita, a kama hanya. Babu takarda, babu sa hannu, shaidun kawai su ne waɗanda ke tsaye a wurin. Idan mai gonar mutumin kirki ne kuma da kuɗi a hannunsa, kafin magariba kowa ya karɓi haƙƙinsa. Idan aka yi rashin sa'a, abin da mutum zai ji bayan ya wuni a sunkuye cikin rana shi ne, "Ku yi haƙuri, sai an kai kasuwa." Wani a biya shi bayan kwana uku. Wani ya yi ta sintiri har ya gaji, ya ce ya bar wa Allah.

Waɗannan mutane ne ya kamata a tuna da su duk lokacin da aka tayar da zancen mafi ƙarancin albashi a Najeriya, amma su ne zancen ke tsallakewa.

A ranar 3 ga Yunin 2024 ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aikin da ya kashe wutar lantarki a faɗin ƙasa, ya kuma tsayar da jirage. Sun fara da neman Naira 615,000, suka sauko 494,000, suka sake saukowa 250,000. Daga ƙarshe aka tsaya a Naira 70,000, Shugaba Bola Tinubu ya sa wa dokar hannu ranar 29 ga Yulin 2024, aka kuma rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku. A ƙarshen Oktoba na wannan shekarar Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da Naira 71,000 ga ma'aikatan gwamnatin Kano. Malamin firamare a Madobi da ma'aikacin asibiti a Bunkure sun cancanci wannan ƙari, har ma da abin da ya fi shi, domin a lokacin da aka yi shi hauhawar farashin abinci ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari, buhun shinkafa mai kilo 50 kuma ya haura sabon albashin gaba ɗayansa.

Sai dai wanda ya yanke wannan shinkafar, da wadda ta turara ta, da yaron da ya zuba ta a inji, da wanda ya ɗora buhun a mota, duk babu wanda dokar ta san da zamansa. Kuma ba mantuwa aka yi ba, a rubuce abin yake. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda gyaran 2024 ya sauya wa adadi da wa'adi, ta faɗi waɗanda ba ta hau kansu ba: duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin da ke bin yanayin shekara kamar noma.

Duk wanda ya san Kura zai ga kamar da ita aka auna wannan jeri. Garin cike yake da injinan casar shinkafa, amma nawa ne a cikinsu ke da ma'aikata 25? Galibi mai inji ne da direban inji da yara kaɗan. Ɗan dako da buhu ake biyansa. Mai yankan shinkafa da mai tsinkar tumatir aikinsu na yanayi ne, kuma na jinga ne, kuma a gonar da ba ta taɓa tara mutum 25 na dindindin ba. Wato mutum guda sai doka ta fitar da shi ta ƙofa uku a lokaci ɗaya. A cikin gari ma haka abin yake: gidan burodi, gidan ruwan leda, shagon magani, rumfar POS, garejin gyaran babur, da ƙananan makarantu masu zaman kansu inda malama mai takardar NCE ke karɓar albashin da take jin nauyin faɗa wa ƙawayenta. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya ba sa cikin tsarin aiki na hukuma. Dokar da aka rufe ƙasa dominta ta tsiraru ce ƙwarai.

Wannan giɓi tsoho ne. Tun dokar farko ta 1981, zamanin Shehu Shagari, lokacin da NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta samo Naira 125, an cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 50 ba. Haka aka tafi har Naira 18,000 ta 2011. Sai a 2019, da Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Naira 30,000, aka rage adadin zuwa 25. Noma kuwa yana waje tun daga farko har yau.

Abin da ya sa maganar ta fi nauyi a wannan yanki shi ne, arzikinsa da kuɗin jama'a aka gina shi. Ruwan da ke bin magudanan Kadawa daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina aka kammala a 1974. Shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko ya kai kimanin hekta 22,000 a yankunan Kura da Bunkure da Garun Malam, yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Da magudanan suka tsufa suka cushe, bashin Bankin Duniya na shirin TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014 kan dala miliyan 495 domin manyan wuraren noman rani na Arewa, shi aka kawo aka gyara su. Wannan bashi kowane ɗan ƙasa zai biya, har da wanda ba shi da ko taƙi ɗaya na gona, sai ƙarfin damtsensa. In har jama'a ce ta kawo ruwan, tana da bakin tambayar yadda ake biyan wanda ke aiki a cikinsa.

Mutanen yankin kuma ba baƙin wannan gwagwarmaya ba ne. A shekarun 1970, lokacin da shirin ke sabo, wani kamfanin ƙasar waje ya karɓi fili a cikinsa yana noma kayan lambu domin kaiwa Turai, yawancin masu yi masa aiki kuma matan ƙauyukan kewaye ne. Matan nan suka ajiye aiki suna neman a ƙara musu lada. Abin ya ja hankali har wata mai bincike, Sam Jackson, ta rubuta shi a 1978 a mujallar Review of African Political Economy. Matan karkara ne, ba su da ƙungiya mai rajista, ba su da ofis a Legas, amma sun san ƙimar wuninsu, kuma sun san idan suka haɗa baki kayan lambu ba ya jiran kowa. Jikokinsu ne yau ke durƙushe a gindin tukwanen turara shinkafa. Kusan shekara hamsin ke nan, har yanzu babu wani ma'auni da aka sani na abin da bai kamata ladan wuni ya gaza ba.

To amma adalci ya hana a ɗauki mai ƙaramin jari a matsayin azzalumi. Mai inji a Kura da gas yake aiki saboda wuta ba ta da tabbas, kuma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin kai kaya da kawowa ya ninka. Ya ga kasuwa ta buɗe bayan rufe iyakoki a Agustan 2019, ya ci bashi ya ƙaro inji. Daga baya, a Yulin 2024, gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, farashin shinkafa ya faɗo, kuɗin taki kuwa bai sauko ba. Manomin tumatir ya ga yadda tsutsar da ake kira Sharon ta share gonaki a 2016, a shekarar da kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa, mai iya markaɗa tan 1,200 a rana, ya fara aiki ya kuma tsaya saboda rashin kaya. A shekarar da aka samu albarka kuwa, sai kwanduna su yi yawa a kasuwar Kwanar Gafan, farashi ya karye, tumatir ya fara ruɓewa kafin motar Kudu ta cika. Sau da yawa ma mai gonar da ya ɗauki mutum goma yau, shi ne zai fita da laujensa mako mai zuwa ya yi wa wani ƙwadago.

Irin wannan mutum, a ce masa ya riƙa biyan kowane yaro Naira 70,000 a ƙarshen wata, ko ana aiki ko ba a yi, daidai yake da a ce ya rufe. Masu cewa a share adadin 25 ɗin nan kawai a wuce wurin ba su zauna da shi sun ga lissafinsa ba. Albashin wata an yanka shi ne daidai jikin ma'aikacin ofis. Aikin gona da na inji da wuni ake auna su, da buhu, da kwando, da eka. Kuskuren dokar Najeriya shi ne, da ta ga rigar ba ta shiga waɗannan mutane ba, sai ta bar su haka nan, ba ta ɗinka musu tasu ba.

Wasu ƙasashen sun ɗinka. Ghana da rana take tsayar da mafi ƙarancin lada, don haka wanda ya yi aikin kwana ɗaya ma ya san abin da ya kamace shi. Afirka ta Kudu da awa take lissafi. Da ta fara dokarta ranar 1 ga Janairun 2019 ta sa rand 20 a awa, ta bar ma'aikatan gona a rand 18 domin manoma su samu sararin shiryawa, sannan a 2021 ta daidaita su da kowa. Ta kuma bar ƙofa ga mai sana'ar da ya kasa: ya kawo lissafinsa a duba, a yi masa sassauci na ɗan lokaci. Ba a ce ƙasashen nan sun gama da zalunci a gonaki ba. Amma ɗan ƙwadagonsu yana da adadin da zai riƙe a baki idan ya tsaya ciniki.

A nan ma lissafin ba shi da wuya. Naira 70,000 idan aka raba ta kwana 26 na aiki, ta kama kusan Naira 2,700 a wuni. A tsakiyar girbi, lokacin da hannu ke tsada, ƙaƙƙarfan namiji mai jinga yana iya wuce wannan. Waɗanda ke faɗawa ƙasa su ne waɗanda ba su da bakin ciniki: mata masu shiƙa da tsince tsakuwa, waɗanda wani lokaci da kwanon shinkafa ko tsaki ake sallamarsu, tsofaffi, baƙon da ya sauka jiya ba shi da kuɗin komawa, yaron shago da ke buɗewa tun safe ya rufe bayan isha'i, a ba shi kuɗin abinci kawai, a ce masa "ai kai ɗan gida ne". Domin irin waɗannan ake kafa ma'auni.

Akwai kuma abin da yawancin masu ƙananan sana'o'i ba su sani ba, ma'aikatansu ma ba su sani ba. Fitar da su daga dokar albashi bai fitar da su daga sauran dokokin aiki ba. Dokar Ƙwadago ta ƙasa, wadda ta samo asali tun 1971, ba ta ƙidaya yawan ma'aikata kafin ta hau kan mutum, kuma ta yarda da yarjejeniyar baka kamar yadda ta yarda da ta takarda. Ta ce a biya lada da kuɗi, kuma kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya. Ta ce cikin wata uku da fara aiki a bai wa ma'aikaci takarda mai nuna irin aikinsa da ladansa da yadda za a rabu. Wanda ya yi awa shida ko fiye yana da hutun da ya kai awa ɗaya, yana da kwana ɗaya a mako, yana da aƙalla kwana shida na hutu da biya bayan shekara, da har kwana 12 na jinya a shekara idan likita ya tabbatar. Mace mai ciki tana da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashinta idan ta kai wata shida tana aikin. Sallama ma da ƙa'idarta: wanda ya haura wata uku sai an ba shi sanarwar aƙalla mako guda, wanda ya kai shekara biyar kuwa wata guda. Ta kuma taƙaita yanke wa ma'aikaci lada da sunan tara, abin da ya zama ruwan dare a gidajen burodi da rumfunan POS, inda kowace asara a kan yaro take ƙarewa.

Maganar rauni ta fi kowacce ciwo. Wanda ya taɓa shiga ɗakin injin casa ya san yadda yake: ƙara ta hana a ji magana, ƙurar ɓuntu ta mayar da gashin ido fari, bel yana gudu a buɗe ba murfi, yaro na gilmawa ta gefensa da buhu a ka, rigarsa na kaɗawa. Ranar da bel ya kama hannu, mai inji zai ɗauke shi a babur zuwa asibiti, ya biya kuɗin ɗinki, ya zo dubiya sau biyu ko uku. Daga nan sai "Allah ya kiyaye gaba", a ɗauki wani yaron. Shi kuwa mai yatsu uku ya koma gida yana da shekara ashirin da 'yan kai, ba ya iya riƙe lauje, ba ya iya ɗaukar buhu. A gona kuma ga mai feshi da ke goya tanki ba takunkumi ba safar hannu, maganin na ɗiga masa a gadon baya, ya gama ya wanke hannu a magudana ya ci abinci. Ga tsargiya, wadda aka daɗe da sanin tana bin ruwan noman rani na wannan yanki. Ga yara ƙanana da ake turawa korar tsuntsayen jan-baki tun asuba a lokacin da ya kamata suna makaranta.

Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 an yi ta ne domin irin wannan rana. Mai aiki zai riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, asusun kuma ya ɗauki nauyin magani da diyya idan aka ji rauni ko aka rasa rai a bakin aiki. Ita ma ba ta ce sai mai ma'aikata 25 ba. Kashi ɗaya cikin ɗari bai kai kuɗin da mai inji ke kashewa a dare ɗaya na asibiti ba. Amma wa ya taɓa zuwa Kura ko Madobi ya tara masu inji ya yi musu bayanin wannan da Hausa, ya kuma sauƙaƙa musu rajistar yadda ba sai sun rufe wurin aiki sun tafi birni ba?

Rashin mai dubawa shi ne ya kashe dokokin nan, kuma ba a ƙananan wurare kaɗai ba. A watan Yunin 2020 'yan sandan Kano suka fito da mutane sama da 100 daga wani babban kamfanin sarrafa shinkafa a rukunin masana'antu na Challawa, waɗanda suka ce an hana su fita tun ƙarshen Maris, lokacin kullen korona. Wannan wuri ne da duk dokokin suka hau kansa, a bakin birnin Kano, amma aka yi kusan wata uku kafin hukuma ta shiga. Idan haka ta faru a Challawa, wane jami'in ƙwadago ne zai bi ƙauyukan Bunkure yana tambayar ko an biya masu dashe? Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, amma mai bin bashin ladan kwana huɗu, kuɗin mota da na lauya sun fi abin da yake nema.

Saboda haka gyaran da zai yi aiki sai ya fara daga inda mutanen suke, kuma kayan aikinsa suna nan. Shirin noman ranin yana da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda ke tsara rabon ruwa da yashe magudanai da karɓar kuɗi. Akwai sarakunan noma, akwai ƙungiyoyin masu inji da na 'yan dako, akwai dagatai da masu unguwanni. Waɗannan su ne za su zauna a farkon kowane zango, rani da damina, tare da wakilan masu yin aikin, maza da mata, su tsayar da abin da ladan wuni ba zai gaza ba, da na eka a dashe da yanka, da na buhu, da na kwando. A sanar a masallatan Juma'a da gidajen rediyo, a liƙa a bakin kasuwa. Wanda ya ga dama ya biya fiye, ciniki na nan yadda yake. Dama can farashin ƙwadago a ƙauye yana da yadda yake daidaituwa a bakin mutane. Abin da ake nema shi ne a fito da shi fili, a sa masa ƙasa, kuma mace da namiji su karɓi abu ɗaya idan ma'aunin aikin ɗaya ne.

Tare da wannan sai a tsayar da ranar biya tun a wurin ciniki. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmin yankin, domin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kura da Madobi ya sharɗanta a san lada a san aiki kafin a ƙulla ijara, malamai kuma kullum suna jan kunne a kan jinkirta haƙƙin ɗan ƙwadago. Idan mai gona ya san sai ya sayar zai biya, ya faɗa tun da safe, wanda ya yarda ya bi shi. Shi kuma yaron shago da ake riƙe da shi da alkawarin za a sallame shi da jari, a rubuta shekarun da abin da za a ba shi, iyayensa da mai unguwa su shaida. Gidaje nawa ne zumuncinsu ya lalace saboda yaro ya yi wa ɗan'uwan mahaifinsa shekara takwas a shago, aka rabu a kan zargi, ya fita hannu rabbana? Rabin shafi na takarda da ya hana. Idan rigima ta taso kuwa, zauren dagaci da ofishin Hisba sun fi kusa, kuma dama suna sasanta irinta. Ƙarin da za a yi musu shi ne ma'aunin da za su yi hukunci da shi.

Gwamnatin jiha ba ta da ikon yin tata dokar mafi ƙarancin albashi, domin tsarin mulki ya bar wannan a hannun tarayya. Amma tana da abin da take bayarwa: taki mai rahusa, iri, injinan ban-ruwa, rance, kwangilar sayen shinkafa, rajistar makarantu masu zaman kansu. Duk wanda zai karɓi ɗaya daga cikin waɗannan, babu laifi a ce ya nuna yana bin ma'aunin yankinsa, ya rufe bel ɗin injinsa, ya tanadi takunkumi da akwatin agajin gaggawa. A ɓangaren tarayya ma akwai tsohuwar doka ta 1973 da ta bai wa Ministan Ƙwadago ikon kafa kwamitin tsayar da lada ga wata sana'a ta musamman idan abin da ake biya a cikinta ya yi ƙasa ƙwarai. Aikin gona na haya da ƙananan injinan sarrafa amfanin gona sun fi kowace sana'a cancantar a tayar musu da ita.

Za a ce idan ƙwadago ya yi tsada manoma za su koma wa injin girbi, aikin ma ya ɓace. Tsoron yana da tushe, domin injinan yanka da na bugu sun riga sun shigo gonakin shinkafa, kuma za su ƙaru ko an sa ma'auni ko ba a sa ba. Sai dai abin da ke kai manomi ga inji galibi ƙarancin hannu ne a tsakiyar girbi da tsoron asarar amfani, lokacin da lada dama ya riga ya hau. Ma'aunin da ake magana a kai can ƙasa yake, yana kare wanda ake biya abin da ba zai sayi kwanon masara ba. Mai gonar da ke biya da kyau babu abin da zai rasa; sauƙi ma zai samu, domin maƙwabcinsa ba zai ƙara karya masa farashi da gumin da bai biya ba.

Bisa wa'adin shekara uku da aka sa a 2024, a 2027 za a sake zama kan mafi ƙarancin albashi. Za a sake jin manyan adadi, watakila a sake yajin aiki. Mazaɓar Kura da Madobi da Garun Malam tana da kujera a Majalisar Wakilai, haka ma ta Rano da Bunkure da Kibiya, kuma mafi yawan waɗanda suka kai masu kujerun can ba su taɓa karɓar albashin wata ba. Ya kamata 'yan majalisar biyu su je zaman nan da buƙata a rubuce: a sa ladan wuni da na awa a cikin dokar, a cire noma da jinga daga jerin waɗanda aka ware, a bai wa ƙananan masu aiki lokaci da sassauci su shirya. Reshen NLC na Kano kuma, kafin ya tafi Abuja, ya fara zuwa Kura da asuba a lokacin yankan shinkafa, ya tsaya a bakin hanya, ya tambayi masu lauje da masu faranti nawa aka biya su jiya.